Bangon Gabas Da Mati Magini Bai Kai Ga Buɗewa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu na shekarar 2025, wadda ta zo daidai da sha biyar ga Zulƙida, jim kaɗan bayan an idar da sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Mati Magini na Tudun Kanya a ɗakin da yake zaune a Batsari. Zazzaɓi ne na kwana biyar. Shekarunsa saba'in da huɗu a ƙirgen 'ya'yansa, shi kuwa kullum sittin da ɗoriya yake cewa. An yi masa sutura bayan la'asar. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗaga rufin ƙasa a kan jama'a, ɗakin da ya cika a ciki na bulo ne da kwano, kwanon ma yana yoyo ta kusurwa biyu.

Ni Kamalu mai wannan rubutu ba malami ba ne. Aji biyu na yi a sakandare, kuma ranar da na bari ban ji an ce wani malami ya kasa cin abinci ba. 'Yata Ramlat, wadda ke karatun zanen gine-gine a jami'a, ta ce in kawo ta gyara mini. Na ce ta bari, mamacin ya saba da kurakuraina, in ya ji magana ta miƙe sarai ba zai gane ni ba ne.

Yaya Mati, kai taubashina ne. Mahaifiyarka yayar mahaifina ce, saboda haka tun ban iya ɗaura wando ba aka gaya mini kai bawana ne, duk da ka girme ni da shekara ashirin. Kai kuma ka ce ba ka taɓa ganin ubangijin da bawansa ke share wa majina ba. Haka muka rayu. Ban taɓa gaishe ka gaisuwar kirki ta kai ƙarshe ba, sai ɗayanmu ya ɓata ta a tsakiya. Yau na zauna zan yi maka magana da gaske, hannuna sai neman wasa yake yi. Ka yi haƙuri da duk wanda ya kuɓuce.

Kai ka gina mini ɗakin aure. Ka rage ƙofar da gangan, ranar farko na shiga da girman ango na gwara goshi har ya yi ƙulu. Da na zo ƙorafi ka ce ai ka auna ni tun ina yaro, ka san ba zan sunkuyar wa 'yar mutane da kai don Allah ba, shi ya sa ka bar aikin ga ƙofa. Shekara talatin ina shiga ɗakin nan a sunkuye. Uwargidana ta ce duk cikin dangina kai kaɗai ka yi mata gata.

Mutanen Tudun Kanya sun san wata ɗabi'arka. Kana tafiya masallaci sai ka tsaya a jikin katangar wani, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ka kara kunne. In ka wuce shiru, lafiya. In ka ƙwanƙwasa sau biyu, gobe da hantsi mai gidan zai gan ka da kwandon ƙasa a ka, ba wanda ya kira ka. Akwai tsohuwar da ba ta da kowa a bayan masallaci, ka tashe ta daga ɗakinta da rana tsaka, tana zaginka tana cewa ka hana ta hutu, ka kai kayanta ɗakin matarka Zuwairatu. Kwana biyu a tsakani aka yi ruwa ɗakin ya rufta. Ka gina mata wani, ta koma ciki tana ci gaba da zaginka, wai tagar ta yi ƙanƙanta. Ka je ka faɗaɗa tagar.

Abin da ka fi riƙewa a duniya bayan salla shi ne zauren gidan Mai Gari. Kakanka ya gina shi da tubali, tun kafin a ga mota a ƙasar Batsari. Ƙofarsa na duban yamma. A ciki ba ginshiƙi ko ɗaya: baka huɗu ne suka taso daga jikin bango, suka lanƙwasa suka haɗu a sama, irin ɗaurin da magina ke kira ɗaurin guga. A cikin kowane baka akwai azara, wato tsagin giginya, an jera an ɗaure an lulluɓe da ƙasa, ita ce ƙashin da ke riƙe da rufin. Mutum arba'in na zama a ciki. Can ake ɗaura aure, can ake raba manomi da makiyayi in shanu sun shiga gona, can aka raɗa mini suna. Mu dai fada muke ce masa, ko da baƙo daga Katsina zai yi murmushi.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka, gari kan fito gayyar yaɓe. Mata su jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, har ruwan ya yi duhu, maza su kwaɓa ƙasa da shi, kai kana bisa tsani ana jefa maka curi kana cafewa kana shafawa da tafin hannu. Ana gama wannan, ruwa sai dai ya zame a jikin ginin ya wuce. Ni aikina a gayyar shi ne kula da kunu, kuma ban taɓa barin ya lalace ba.

A shekarar 2011 ƙungiyar ci gaban gari ta naɗa ni sakatare, don ni ne mai biro. Na je birni na ga gidajen manya sumul da fenti, na dawo da kunyar zaurenmu. Na tsaya a taro na ce har yaushe za mu riƙa shafa wa fadarmu laka duk shekara kamar rumbu. A yi mata siminti sau ɗaya a huta. Samari suka tafa. Aka kawo birkiloli, aka kakkafa ƙusoshi da wayar kaji a jikin bangon don simintin ya kama, aka shafe ko'ina, har zanen da kakanka ya yi da yatsa a saman ƙofa. Aka bi da koren fenti. Ni na zaɓi kalar.

Kwana shida ana aikin, kwana shida kana zaune a gindin kanyar da ke fuskantar zauren, ba ka sa hannu ba, ba ka kuma tashi ba. Rana ta uku na zo wucewa ka kira ni a hankali.

"Kamalu, ƙasa tana zufa kamar ni da kai. Ka sa mata rigar leda. Ruwa zai sami tsaga ya shiga, kuma ba zai sami hanyar fita ba."

Na ɗaga murya don samarin su ji, na ce bawana tsoro yake ji za a raba shi da hawa tsani. Aka yi dariya sosai. Kai ma ka yi, don wasan taubashi ba a fushi da shi. Daga wannan shekarar ba a ƙara gayyar yaɓe a Tudun Kanya ba. Abin da ya rage maka shi ne rufin, da birkilolin suka ji tsoron hawa. Duk bazara sai ka hau kai kaɗai ka share indararo, ka toshe tsaga, ka sauko. Wani lokaci nakan hango ka ka tsaya jikin koren bangon nan ka ƙwanƙwasa. Ina daga nesa amma ina jin ƙarar, wata irin ƙara ta abin da ba kowa a ciki. Sai in canza hanya.

Sai shekarar da mutanen daji suka hana mu zama a garinmu. Ba zan buɗe wannan a nan ba, kowa a tsakanin Batsari da Safana yana da nasa mamatan. Muka kwaso abin da babur zai ɗauka muka dawo Batsari, har da Mai Gari, wanda yanzu yake sauraron ƙara a kan benci a bakin shagon ɗansa. Da rana ake lallaɓawa gona in an sami sarari, kafin la'asar a juyo. Duk wanda ya dawo, tambayarka guda ce: zauren fa? Ka taɓa ce mini muddin yana tsaye mutane za su ci gaba da cewa zama muke yi na ɗan lokaci a Batsari. Ranar da aka ce ya faɗi, kowa zai fara neman fili a nan, shi ke nan an gama Tudun Kanya. Na so in mayar da maganar wasa, ban sami ta inda zan kama ta ba.

A wannan zaman ne Ramlat ta maƙale maka. Aikin da aka ba ta a makaranta a kan fadojin Musulunci ne, yadda suka faro da yadda suka sauya. Duk hutu sai ta zo ta zauna a gabanka da waya tana nuna maka hotuna, ni kuma ina gefe a matsayin uban ɗaliba, ina gyaɗa kai a wuraren da ban gane ba. Ta ce a farkon Musulunci gidan shugaba a jikin masallaci yake, ba wani ƙawa. Daga baya sarakunan Sham suka riƙa gina gidaje a hamada, katanga ta kewaye tsakar gida, ƙofa guda. Ta nuna maka kangon Samarra a ƙasar Iraƙi, manyan fadoji na ƙasa da jan bulo, da zane a jikin shafen bangonsu. Ka karɓi wayar ka daɗe kana kallo, ka ce waɗannan 'yan gidanmu ne, ka ga inda hannun mai shafen ya gaji. Ta nuna maka ta Andalus mai ruwa yana gudu a tsakar gida, ka ce kyau kam akwai, amma kana tausayin wanda aka ɗora wa kula da gindin bangon. Ta nuna maka ta Santambul, ƙofa sai fili, wata ƙofar sai wani filin, kowace ƙofa tana rage yawan masu wucewa. Nan ka sa yatsa a ƙasa ka zana mata zaure, da farfajiya, da shigifa, da cikin gida. Ka ce, "Ramlatu, ai duk tafiyar ɗaya ce. Baƙo ya tsaya nan, ɗan gari ya kai nan, ciki kuma sai wanda aka yarda da shi. Su dai sun fi mu dutse."

Akwai ranar da ta ba ka labarin fadar farko ta Bagadaza, mai koriyar ƙubba da ake hangowa tun daga bayan gari. Ta ce yau ko tubali ɗaya ba a san inda yake ba. Ka tambaye ta yaƙi ne ya ci ta? Ta ce ita ƙubbar dai littattafai sun ce ruwan sama mai ƙarfi ne ya kayar da ita, bayan sarakuna sun daɗe da barin gidan. Ka ce to, an daina hawa ana dubawa ke nan. Ba ka kalle ni ba. Da ma ka kalle ni, da na sami abin cewa. Koriya kuma, Yaya Mati. Duk kalolin duniya.

Bana bayan ƙaramar salla hanya ta ɗan yi sauƙi. Ka sami Mai Gari ka ce a ba ka izini ka cire simintin. Ya ce ka tsufa, ka ce ginin ya fi ka tsufa kuma bai yi ƙorafi ba. Kullum da hantsi wani ya goya ka a babur, da guduma da kurfi a buhu. Ka ɓare fuskar yamma, ka bar ta ta sha iska, ka yaɓe. Ka yi kudu da arewa. Zanen kakanka ya tafi da simintin, ka sake zana shi daga ka, ka ce in ka yi kuskure ya zo ya gyara. Gabas ka bari a ƙarshe. Daga can hadari ke zuwa, ita ta fi shan duka, kuma akwai tsaga a simintinta tun daga ƙasan indararo har gindi. Ka ce ba a buɗe ta a bar ta, sai an tanadi komai a hannu. Ni ban bi ka ko sau ɗaya ba. Ina da uzuri kullum, har da ciwon ƙafar da ke tashi da hantsi ya kwanta da azahar.

Ran Alhamis ka dawo jikinka na rawa. Ran Lahadi na zo duba ka, na ce bawa ba ya kwanciya sai da izinin ubangidansa. Ka yi murmushi ka ce in matso. Ka ce, "Gabas ta rage. Kada ku bari ruwa ya same ta a haka." Na ce kai za ka tashi ka yi abinka, ni me na sani ban da kunu. Wannan ce magana ta ƙarshe da na yi maka a duniya.

Bayan addu'ar bakwai hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Mai Gari ya tara mu a kan bencinsa ya ce wa zai ƙarasa. Ɗanka Nazifi, da ke aikin birkila a Abuja, ya sunkuyar da kai ya ce shi bulo ya sani, bai taɓa tsayawa ya koyi na gida ba. Ramlat ta ce tana da awon kowane baka a littafinta, amma ba ta taɓa kwaɓa ƙasa ba. Ashe mai sanin haɗin makubar tana bayan labule tana takaba. Yaya Zuwairatu ta aiko a gaya mana shekara arba'in da biyar ita ke jiƙa maka makuba, kai dai shafawa ce taka da karɓar yabo. A tsakar gidan da kuke haya a Batsari ta sa aka jiƙa a duro biyu, tana sa a kawo mata a kofi ta shinshina ta ce saura kwana ɗaya.

Mu goma sha ɗaya muka tafi, har da Nazifi da Ramlat, da jarkoki ɗaure a babura. Rabona da Tudun Kanya shekara biyar. Ba kaza, ba hayaƙi, ciyawar bara ta bushe a tsaye a ƙofar masallaci. Zauren na nan, fuska uku ja irin na da, da sawun yatsunka a jiki, fuska ɗaya kore. Tsaninka yana jingine inda ka bar shi. Na ce a ba ni gudumar. Ba wanda ya yi dariya, alhali a rayuwata ban taɓa ɗaukar kayan aiki ba tare da an yi mini ita ba.

Duka ɗaya na yi, falle kamar tabarma ya saki ya faɗo gaba ɗaya. Abin da ke bayansa baƙi ne, da danshi, da wari irin na tsohuwar rijiya, a watan da ko ɗigo bai sauka ba. Ƙusoshin sun zama tsatsa. Muka ci gaba da ɓarewa har muka kai daidai inda ƙafar baka ta gabas ta shiga bango. Nazifi ya taɓa wurin da yatsa, hannunsa ya shige har gwiwa. Ya zaro da garin itace a tafinsa. Azarar kakanka ce, gara da ruwa sun gama da ita. Rufin nan da muka tsaya a ƙarƙashinsa muna magana, ƙafa uku ke riƙe da shi da ikon Allah.

Na juya wajen Ramlat na ce ta duba littafin. Ta ce, "Baba, na tambaye shi yadda ake sauya ƙafar baka ba tare da an sauke rufi ba. Ya ce wannan ba a faɗa, sai ranar aikin in zo in gani." Ta tambayi malamanta ta waya, an ce za a bincika a ga ko akwai wani tsoho a Zariya ko Daura. Hadari kuwa ba ya jiran bincike.

Nazifi ya ce abin da ya iya shi ne tokara. A samu itace mai ƙarfi a kafa a cikin zauren ya ɗauke wa bakan nauyi, a cike ramin da sabon tubali, a yaɓe waje. Lafiyayyar azara kuwa, a duk garin wuri ɗaya ta rage: rufin ɗakinka, wanda ka gina da hannunka shekarar da ka yi aure. Muka dawo Batsari muka gaya wa Yaya Zuwairatu. Ina gama faɗa na fara neman yadda zan janye maganar. Sannan ta ce daga bayan labulen, "Ku cire. In da yana nan ai ba zai tambaye ni ba ma."

Washegari muka zare azara shida daga rufinka, kowace kamar jiya aka tsaga ta. Muka ɗaure su wuri ɗaya muka kafa. Zauren da ya haura shekara ɗari ba ginshiƙi, yau yana da wani a karkace daga gefen gabas, kamar tsoho da sanda. Yaɓen da muka yi wa bangon, in ka gani za ka ce awaki ne suka bi ta wurin. Nawa ɓangaren ya fi na kowa muni, an bar mini shi don a riƙa ganewa.

Ran Alhamis da la'asar ruwan farko ya sauka, da iska daga gabas, har kwanon ɗakin da ka cika ya ɗaga. Da safe muka hau babura. Tun daga gonakin ƙauyen Karare nake miƙa wuya. Zauren yana tsaye, indararo na ɗiga. Ɗakinka da muka zare wa azara ne ya zauna, rufin ya haɗu da daɓe.

Ban san damina nawa tokarar nan za ta kai ba. Mai Gari ya ce a sanar da kowa za a yi gayyar yaɓe baɗi in Allah ya kai mu, ko da rana ɗaya ce a je a dawo, kuma na ji mutum biyu da ke cinikin fili a Batsari sun ce a dakata tukuna. Abin da na zo faɗa maka, wanda na shekara goma sha huɗu ina kewaye shi da barkwanci, shi ne ka yi gaskiya, ni na yi kuskure, kuma na sa an yi maka dariya a gaban ginin kakanka. Na roƙi gafarar Zuwairatu da Nazifi, sun ce ba ka taɓa ambata ba. Wannan ya fi yi mini nauyi.

Allah ya jiƙanka, Yaya Mati. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sa duk wanda ya taɓa kwana lafiya a ƙarƙashin rufin da ka ɗaga ya zama shaida a gare ka. Allah ya ba ka gida a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Zuwairatu, da Nazifi da ƙannensa mata, da Mai Gari, da dukan mutanen Tudun Kanya na Batsari da waɗanda suka watsu Safana da Katsina. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya mayar da mu gida da ranmu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.